Naman kaza mai nono a gindin itacen ok: wane iri ne, kuma ana ci?

Nasiru: Assalamu alaikum malamaina. Ga hotuna huɗu da wani ɗalibi ɗan Sakkwato da ke karatu a Jamus ya turo, yana neman a taya shi gane wannan naman kaza. Cikin Oktoba ya same shi a dajin itacen ok (Quercus), sun fito da yawa tsakanin busasshen ganye. Faɗin hular santimita 5 zuwa 7, launin kirfa, da wasu zobba masu ɗan duhu da ba su fito sosai ba. Da ya karce ƙasan hular da farce sai wani farin ruwa mai kama da nono ya tsattsafo. Manhajar waya ta ba shi sunaye uku daban-daban. Tambayarsa biyu: wane iri ne, kuma ana ci?

Malam Bello: Wa alaikumus salam. Tambaya ta biyu a aje ta tukuna, ba a maganar tukunya sai an san sunan abu. Ka ce mai shi ɗauki guda shi karya ƙafar tsakanin yatsa biyu. In ta ɓalle ƙas awa alli, babu zare babu lanƙwasa, to dangin Russulaceae ne. Naman wanga dangi cike yake da dunƙulallun ƙwayoyin halitta, shi ya sa shina karyewa, ba ya yagewa. Cikin dangin, Russula ba ta da nono. Masu nonon su ne Lactarius da Lactifluus. Akwai wasu ƙanana da ake kira Mycena, su ma suna fid da farin ruwa, amma ƙafarsu siririya ce ƙwarai, kaurinta milimita 1 zuwa 2, kuma hularsu ba ta kai wannan faɗin ba. Daga hoton dai Lactarius nike gani. Sai dai Lactarius na Turai sun haura iri ɗari, kuma masu launin ƙasa-ƙasa su sunka fi wuyar rarrabewa. Hoto ba shi kai mu ko'ina in ba a duba nonon ba.

Baban Ummi: Kafin nonon ma, Allah ya gafarta Malam, a tabbatar da itacen. Wannan naman kaza ba a kan ruɓaɓɓen ganye yake rayuwa ba. Zaren jikinsa da ke cikin ƙasa yana naɗe ƙananan saiwoyin itace, yana kai wa itacen ruwa da sinadarai irin su fosfaras, itacen kuma yana ba shi sukari. Da yawa daga cikinsu itace ɗaya tak suke yarda da shi. Don haka "dajin ok" bai wadatar ba. Saiwar itace tana wuce inuwarsa nesa, kuma dazuzzukan Jamus a cakuɗe suke. Yaron ya tsaya inda ya tsinko shi, ya duba duk itacen da ke cikin mita 10 zuwa 15. Ganyen ok yana da gefe mai shiga da fita, 'ya'yansa kuma kowanne na zaune cikin ɗan ƙoƙo. In akwai Fagus, mai sumul ɗin ɓawo ruwan toka, ko Betula mai farin ɓawo, ko fain mai ganye kamar allura, ya faɗa mana, domin kowannensu yana da nasa Lactarius mai launin ƙasa-ƙasa.

Sani: Ni ina ganin ba sai an wahala ba. Ku ƙara girman hoto na uku, ɗigon da ke kan haƙarƙarin hular, wato siraran fallayen da ke jere a ƙasanta, rawaya-rawaya ne. Zobba a hula, itacen ok, nono mai rawaya: Lactarius chrysorrheus ke nan. Ba a cin sa.

Malama Luba: Malam Sani, kada mu yi saurin yanke hukunci da launin hoton waya. Kyamara tana gyara fari da kanta, a inuwar daji kuma tana jan komai zuwa rawaya ko kore. Kuma ba rawayar kaɗai ake nema ba, ana neman yaushe ta zo da kuma yadda ta kai.

Nasiru, ga abin da zai yi. Ya zaɓi matashi, wanda gefen hularsa bai gama miƙewa ba, domin tsoho ko wanda iska ta busar sau da yawa ba ya ba da ko ɗigo, har mutum ya zaci Russula ce. Ya sa reza ya yanka haƙarƙarin a gicciye, kusa da ƙafa, inda nonon ya fi taruwa. Ya riƙe agogo. Ya rubuta launin a daidai lokacin da ya fito, sannan bayan daƙiƙa 10, bayan daƙiƙa 30, bayan minti ɗaya. Daga nan ya dangwali ɗigo ɗaya da farin ƙyalle ko farar takardar goge hannu, ya ajiye minti 10 zuwa 15. Gwaji biyu ne daban, kada a haɗa su. A wasu irin, nonon yana sauya launi a jikin naman kazan. A wasu kuma yana nan fari a jikin, sai a kan ƙyalle yake komawa rawaya a hankali. Lactarius tabidus na gindin Betula haka yake yi, haka ma Lactarius decipiens. Shi kuwa chrysorrheus ba ya ɓoyewa: nonon yana kwararowa da yawa, fari tas, cikin 'yan daƙiƙoƙi ya koma rawaya shar, launin farar wuta, har naman da aka yanka ma ya rine. Wanda ya gan shi sau ɗaya ba zai ce "rawaya-rawaya" ba.

Ya kuma lura ko nonon mai kauri ne ko tsinkakke. Sannan ya tsaga guda daga hula har gindi ya bar shi a buɗe minti biyar zuwa goma, a ga ko naman zai koma ruwan hoda. In ya koma, mun fita daga wannan layin gaba ɗaya, mun shiga wajen su Lactarius azonites.

Malam Bello: Shi kuma shinshina. A sa biyu ko uku cikin kwali ko gwangwani mai murfi, a rufe minti goma, a buɗe a kai hanci. A fili iska na kwashe warin.

Nasiru: Na gode malamai. Ga amsarsa. Ƙafar ta ɓalle ƙas. Itatuwan da ke kewaye duk ok ne, sai wani Fagus guda can nesa, ya ce ya fi mita 30. Nonon ba fari tas ba ne, tun fitowarsa da ɗan sirkin launin man shanu, bai da yawa, kuma bai sauya ba har bayan minti ɗaya. A kan takarda ya bushe ya bar tabo mai haske, ba rawaya sosai ba. Naman bai koma ruwan hoda ba. Warin kuma, ya ce kamar tsohon mai ne, ko kamar an murtsuke kuɗin cizo. Ƙafar ta fi duhu daga ƙasa, ja-ja mai duhu. Hular ba santsi, ba ƙyalli.

Malam Bello: Madalla. Lactarius quietus ne, kuma alamomin sun haɗu baki ɗaya. Elias Fries, masanin ƙasar Suwidin, shi ya fara siffanta shi a 1821, ya mai da shi cikin Lactarius a 1838. Cikin masu nonon da ke bin ok a Turai, kusan shi ya fi kowa yawa, daga Agusta zuwa Nuwamba, kuma ba a samun shi sai da ok. Hula santimita 3 zuwa 8, launin kirfa ko jan ƙasa marar haske, kamar an barbaɗa mata ɗan gari, da zobba ko ɗige-ɗige masu duhu da sai an karkata ta ga haske ake ganin su sosai. Tsakiyar na lotsawa in ya girma. Haƙarƙarin na ɗan gangarowa bisa ƙafa, farare masu sirkin ƙasa-ƙasa, in sunka tsufa su yi tabon tsatsa. Ƙafa ba zobe, gindi ba jaka, wato fatar da ke lulluɓe gindin wasu irin. Ita kuma waccan ƙafa mai duhu daga ƙasa alama ce mai kyau da mutane ke mantawa da ita, don suna tsinke naman kaza daga sama su bar gindin cikin ƙasa. A riƙa tono shi duka da wuƙa.

Sani: Na janye chrysorrheus. Amma ban yarda warin ya rufe magana ba, ranka ya daɗe. Lactarius serifluus da Lactarius subumbonatus su ma a gindin ok suke, su ma warin kuɗin cizo gare su, har ya fi ƙarfi. Me ya fitar da su?

Malama Luba: Tambaya ce mai kyau, kuma nan ne mutane suka fi kuskure. Nonon ne ya fitar da su. Na waɗancan biyun tsinkakke ne, ruwa-ruwa mai ɗan gajimare, kana iya hango haƙarƙarin ta cikin ɗigon. Na quietus kuwa ba a gani ta cikinsa. Sannan hularsu ba ta da zobba, takan yamutsa, subumbonatus kuma ya fi duhu sosai, wani lokaci har kusa da baƙi. Sun kuma fi ƙanƙanta da sirantar nama. Wanda ya fi kama da quietus a ido shi ne Lactarius subdulcis, amma shi na Fagus ne, ba zobba, nononsa fari tas, warinsa na roba. Shi ya sa tambayar Baban Ummi ta zo da farko. Da a ce Fagus ɗin nan yana mita biyar ne, da sai mun ƙara dubawa.

In yana da damar shiga ɗakin gwaji a jami'arsu, ya yanke ƙafar, ya kifa hular a kan gilashi, ya rufe da kofi, ya bari awa 6 zuwa 12. Ƙurar irin, wato ƙwayoyin da naman kaza ke yaɗuwa da su, za ta zuba, launin kirim mai haske. Ya kankaro kaɗan ya sa a ɗigon ruwan Melzer ya duba da madubin ƙara girma, ninki 1000, da ɗigon man da ake sa wa madubin. Ƙwayoyin irin Russulaceae suna da ƙuraje da jijiyoyi a bayansu waɗanda ke komawa shuɗi-baƙi cikin wannan ruwan. A quietus tsawon ƙwayar wajen maikuromita 7 zuwa 9 ne (maikuromita dubu ne milimita ɗaya), ƙurajen kuma suna haɗuwa su yi raga wadda ba ta cika ba. Ruwan Melzer haɗi ne na aidin giram 0.5, potassium iodide giram 1.5, chloral hydrate giram 20, da ruwa mililita 20. Chloral hydrate yana da wuyar samu saboda doka ta tsare shi, to ruwan Lugol, haɗin aidin da babu chloral hydrate a ciki, shi ma yana nuna launin, illa dai hoton ba ya fita tas kamar na Melzer. Kada ya auna ƙwayoyin da ya kankaro daga haƙarƙari, akwai waɗanda ba su nuna ba a ciki, za su rage masa awo.

Nasiru: Ya ce ya karanta cewa ana ɗanɗana nonon da harshe. Ya yi?

Malam Bello: Masana na yi, kuma yana cikin hanyoyin da anka sani. Ɗigo guda bisa bakin harshe, a jira daƙiƙa 20 zuwa 30 don zafin wasu ba shi zuwa nan take, a tofar, a kurkure baki. Na quietus ba zafi, sai ɗan ɗaci daga baya. Na chrysorrheus ɗaci ne sannan yaji. Na su Lactarius acerrimus da Lactifluus piperatus kuwa yaji ne mai ƙona harshe. Zafin na zuwa ne daga sinadaran da naman kazan ke haɗawa lokacin da anka ji mai rauni, irin su velleral da isovelleral, kariya ce daga masu cin shi. Amma sharaɗin shi ne an riga an tabbatar dangin Russulaceae ne.

Dakta Hadiza: Malam, da girmamawa, a nan zan saɓa muku. Abin da kuka faɗa daidai ne ga wanda ya san dangin. Amma wannan zaure akwai ɗalibai, akwai waɗanda za su karanta rabin maganar su riƙe "ana ɗanɗanawa" su watsar da sharaɗin. Kuma a wannan karon ba a bukatar ɗanɗanon, an riga an gane shi da itace, nono, wari da ƙafa. Me za a ƙara?

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke tsirowa a gefensa. Gindin ok a Turai shi ne gidan Amanita phalloides, wanda ya fi kowane naman kaza kashe mutane a duniya. Bai yi kama da quietus ba ga mai lura: hularsa kore-kore ce ko rawaya mai haske, haƙarƙari fari, zobe a ƙafa, jaka a gindi, babu nono. Amma mai cika kwando da sauri ba ya duba kowane guda. Hula ɗaya tana iya kashe babban mutum. Gubarsa, amatoxin, ba ta mutuwa da dafuwa, ko suya, ko shanya. Kuma ba ta nuna kanta da wuri: awa 6 zuwa 24 mutum lafiya lau, sannan amai da gudawa mai tsanani, sannan ya ji sauƙi kwana ɗaya har a ce ya warke, alhali hanta tana lalacewa. Kwana na uku zuwa na biyar idanu su yi rawaya, jini ya ƙi daskarewa. Baƙi ne suka fi faɗawa ciki, domin suna ganin ya yi kama da wanda ake ci a ƙasarsu. A 2015 an samu 'yan gudun hijira da dama a Jamus da suka ci shi bisa wannan kuskuren.

Malam Bello: Na karɓa, Dakta. A bar ɗanɗano ga wanda malami ya tsaya kanshi a daji. Amma tunda kin kawo masu kisa, akwai wanda ya fi Amanita kama da namu: Paxillus involutus. Launin ƙasa-ƙasa, tsakiya a lotse, haƙarƙari mai gangarowa, kuma shina fitowa gindin Betula da ok duka. Bambancin: ba nono ko kaɗan, gefen hular a naɗe yake ciki ƙwarai da ɗan gashi-gashi, in ka danna haƙarƙarin nan take shi yi tabo mai duhu, kuma kana iya ture haƙarƙarin da babban yatsa shi rabu da hular gaba ɗaya. Ƙurar irinshi ƙasa-ƙasa ce, ba kirim ba. Hatsarin shi ne wanda ya saba cewa "tsoho ne, shi ya sa nonon ya ƙafe". Duk wanda bai ba da nono ba, a fid da shi daga kwando.

Dakta Hadiza: Shi Paxillus ma lamarinsa ya fi rikitarwa. An daɗe ana cin sa a gabashin Turai bayan an dafa. Mutum zai ci shekaru ba abin da ya same shi, jiki yana tara garkuwa a kansa a ɓoye, ran nan ya ci sai garkuwar ta afka wa jajayen ƙwayoyin jininsa, su farfashe, ƙoda ta tsaya. Julius Schäffer, masanin naman kaza ne na Jamus, kuma gwani a kan Russula, Paxillus ne ya kashe shi a 1944. Don haka "mun saba ci" ba hujja ba ce.

Nasiru: To shi quietus ɗin fa, Dakta? Tambayarsa ta biyu tana nan.

Malama Luba: Ba a san shi da guba mai kisa ba. Littattafan Turai sun rabu: wasu sun sa shi cikin waɗanda ake iya ci bayan an tafasa an zubar da ruwan, wasu sun ce ba na ci ba ne saboda warin da ɗacin. Babu wanda ya yabe shi. Shawarata kada ya ci. Ribar kaɗan ce, shi kuma sabon shiga ne, kuma chrysorrheus mai ɓata ciki yana fitowa a wuri ɗaya da shi, a lokaci ɗaya. In yana son ya koya, a Jamus akwai masu duba naman kaza da ƙungiyar masana ta ƙasar ta tantance, ana kai musu kwando su duba ɗaya bayan ɗaya. Ya nemi na yankinsu.

Mai nonon da ake yabo a gindin ok shi ne Lactifluus volemus. Hula ruwan goro mai laushin karan-miski, ba zobba, nono fari mai yawan gaske har yana ɗiga, yana danƙo a hannu, yana barin tabon ƙasa-ƙasa a yatsa da takarda, warinsa na kifi. In aka goga masa gishirin ƙarfe, wato iron sulphate, naman yana komawa kore mai duhu. Amma ya yi ƙaranci a Jamus, doka ma ta ba shi kariya. Wanda ake sayarwa a kasuwannin Sifen mai nono ruwan lemo, Lactarius deliciosus, na fain ne, ba za a same shi a ok ba.

Sani: A ƙara masa Lactarius helvus cikin waɗanda zai kiyaya. Nononsa garau kamar ruwa, in ya bushe ƙamshin hulba yake yi, ƙamshin ne ke jan mutane. Yana sa amai da jiri in an ci da yawa. A wurare masu dausayi yake, gindin fain da Betula.

Baban Ummi: Wasu sun tambaye ni ta gefe ko muna da irin wannan a nan. Gara in amsa a fili. Quietus kansa babu shi, domin ba mu da ok. A kewayen Sakkwato ma da wuya ka ga wani mai nono ko wane iri. Gawo, bagaruwa, aduwa, magarya, kuka, tsamiya, dogon yaro, duk ba sa yin irin wannan haɗin saiwa da ke haifar da Lactarius. Nasu haɗin da wasu ƙananan fangi ne, 'yan uwan naman kaza, da ke shiga cikin saiwa, ba sa fitar da hula a sama. Ga kuma ƙarancin ruwa, damina daga Yuni zuwa Satumba.

Amma ka gangara kudu inda doka take, labari ya sauya. Doka da farar doka, wato Isoberlinia, da kawo, da kafafago, duk suna yin haɗin saiwa irin na ok. Dajin doka akwai shi a gandun Kamuku ta wajen Birnin Gwari, da gandun tafkin Kainji, ya zarce har arewacin ƙasashen Binin da Togo. A can, bayan ruwa ya zauna, masu nono da Russula da Amanita da Cantharellus suna fitowa a gindin doka. Kuma duk inda aka sare doka aka yi gawayi, naman kazan ya tafi ke nan, don ba shi da mai ciyar da shi. Wannan asara ce da ba a lissafa ta in ana maganar sare daji.

Malam Bello: Gaskiya ne. Kuma mafi yawan masu nonon Afirka Lactifluus ne, ba Lactarius ba. Da duk suna ɗaya anka sa su, sai binciken DNA da anka buga a 2008 ya nuna zuriya biyu ce, anka raba. A dajin doka na Binin an san Lactifluus gymnocarpoides da Lactifluus luteopus, kuma mutanen can na cin wasu daga cikin masu nonon, sun gada. Abin da nike so ɗalibai su riƙe: hanyar dubawa guda ce, itace, karyewar ƙafa, nono, wari, ƙurar iri. Amma sunayen ba su ƙetare teku. Ka ɗauki littafin Turai ko manhajar waya ka shiga dajin doka, za ta ba ka sunan Turai ga abin da ba shi ba ne, don da hotunan can anka horar da ita. Har a Amurka ma haka ne, masu nono mai komawa rawaya na can wasu iri ne daban.

Nasiru: Allah ya gafarta Malam, to farar laimar kwaɗin nan babba da ke fitowa a filayen makarantu da lambuna a nan cikin Agusta fa? Yara suna tsinka.

Malama Luba: Wannan ba mai nono ba ce, kuma ita ce ta fi kusa da mu. Sau da yawa Chlorophyllum molybdites ce. Hula fara mai ɓawo-ɓawo ƙasa-ƙasa, faɗinta yana kai santimita 20 ko fiye, da zobe a ƙafa, tana fitowa a ciyawa, wani lokaci a jere sun yi da'ira. Tana ƙarama haƙarƙarinta fari ne, shi ne ke ruɗin mutane. In ta girma yana komawa kore-kore, ƙurar irinta a kan farar takarda kuma kore ce. Wanda ake ci na suri, Termitomyces, ba ya ba da kore, kuma in aka tona a hankali ƙafarsa tana da doguwar jela da ta nutse har cikin gidan gara. In ba a ga jelar ba, ba a tabbatar ba.

Dakta Hadiza: Chlorophyllum tana sa amai da gudawa mai ƙarfi cikin awa ɗaya zuwa uku, wani lokaci da jini. Babba yakan farfaɗo, amma ƙaramin yaro ruwan jikinsa na iya ƙarewa da sauri. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS, ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, kurɓi-kurɓi, a kai shi asibiti ba tare da jira ba. Manja, madara, ko tsamiya ba sa karya guba, suna cinye lokaci ne kawai. Kada a tura wa yaro yatsa a maƙogwaro. A tafi da ragowar naman kazan, ɗanye ko dafaffe, a takarda. A kuma gaya wa likita ƙarfe nawa aka ci, ƙarfe nawa ciwon ya fara. Wannan tazarar ce ke nuna mana inda za mu duba: in ta wuce awa shida, hanta muke tsoro, sai a kwantar a riƙa gwajin jini ko da marar lafiyar ya ce ya ji sauƙi. Duk wanda ya ci tare da shi a kawo shi, ko bai fara komai ba.

Gwaje-gwajen gida kuma, cokalin azurfa ya yi baƙi, albasa ta sauya launi, tsutsa ta ci don haka ba guba, a ba kaza a gani, babu ɗaya da ke aiki. Tsutsa da dodon koɗi suna cin Amanita phalloides su wuce abinsu.

Sani: Malama, in ɗalibi ya samu zuwa dajin doka da damina, yaya zai kawo samfur har Sakkwato bai ruɓe ba? Tafiyar yini ce.

Malama Luba: Kada ya sa a leda, cikin awa kaɗan zai yi gumi ya narke. Kowane iri a nasa ƙunshin takarda ko na foyil, a jera a kwando, kada a danne. Gwajin nono da wari a yi su nan take a daji a rubuta, domin in ya bushe duk sun tafi, ba mai dawo da su. Hoto uku aƙalla: sama, ƙasan hula da ɗigon nono a kai, da wanda aka tsaga biyu, da rula ko kwabo a gefe don awo, a inuwa ba a rana ba. A tsinko ganyen itacen da ke kusa a haɗa.

A daren ranar za a busar, ba a kai gobe. A yanka manya falle-falle, kaurin milimita 5, a shimfiɗa a kan raga, a sa zafi mai sauƙi daga ƙasa, digiri 40 zuwa 45, iska tana ratsawa. Fitilar ƙwai ko ƙaramin risho a ƙasan kwali mai huji sama da ƙasa yana yi, in an kula da wuta. Zafi ya wuce haka yana iya dafa shi. Ya bushe ne in ya karye ƙaras. Sannan a rufe a leda mai zif da ɗan silica gel, ƙwayoyin nan masu tsotse danshi. Don gwajin DNA, a yanki ɗan guntun nama daga cikin hula tun yana ɗanye, kamar girman ƙwayar wake, a jefa kai tsaye cikin silica gel. Kafin a ajiye samfur a ɗakin ajiya a sa shi a firiza kwana bakwai don kashe ƙwari, in ba haka ba za a buɗe bayan wata uku a tarar da gari.

Baban Ummi: In cikin gandun gwamnati ne, sai da takardar izini daga hukumar gandun, kuma a tambayi halin tsaron hanya kafin a tashi. A nemi ɗan gari ya raka, a rubuta sunan da suke kiran kowane iri da yadda suke dafa shi, ko suna tafasawa su zubar da ruwan farko. A rubuta wannan a takardar samfurin tare da kwanan wata, wurin, da sunan itacen.

Nasiru: Na tura masa duka. Ya ce zai kifa hula biyu a gilashi yau da dare, gobe ya turo hoton ƙurar irin, sauran kuma zai kai wa mai dubawa na garinsu.

Malama Luba: Ya kankare ƙurar wuri ɗaya da reza ta yi tudu kafin ya ɗauki hoton, siririn shafi kullum fari yake fitowa. Ya ɗauka da hasken rana, da farar takarda a gefe.